Kitson 'Yar Kwamfuta

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na sayi littafin nan ne don in riƙa tsara darasin kulob ɗin kwamfuta a ciki, amma ga shi layin farko ma ba na kulob ba ne. Yaya ta sha shayi rabin kofi. Burodin kuwa ta jujjuya shi a faranti ta turo min abina.

To, kulob. Yau yara goma sha ɗaya suka zo, kwamfuta bakwai ce ta yarda ta tashi. Shugaban makaranta ya sake leƙowa ya tambayi abin da muke yi, na sake yi masa bayani: mutum muke ginawa a cikin kwamfuta, mai gaba da baya, wanda za ka juya shi kamar 'yar tsana. Mu sa masa fata da ido da tufafi, mu kunna masa fitila, sannan mu bar injin ya fitar da hoto. Wannan mataki na ƙarshe shi yarana ke kira dahuwa, saboda yadda kwamfutar ke ɗaukar zafi tana huci. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," irin ta wanda bai gane ba kuma ba ya son a ƙara masa.

Saura mako huɗu a yi baje kolin ƙarshen zango. Yarinya ɗaya muke ginawa mu duka, 'Yar Aji muke ce mata. Fuska ta yi, ido ya yi, riga ta zauna. Kai ne ba komai. Mun shiga kasuwar intanet inda ake samun kayan da wasu suka riga suka ƙera, mun duba fakitin gashi ya fi arba'in. Duk mai santsi ne, yana zuba kamar ruwan famfo. Uwar Tambaya, wadda ba ta barin minti biyar ya wuce ba ta ɗaga hannu ba, ta ce, "Malama, su masu yin gashin nan ba su taɓa haɗuwa da kai irin namu a hanya ba ne?" Aka kwashe da dariya. Na ce kitso za mu yi mata, ko ta halin ƙaƙa.

Kafin in shigo gida sai da na tabbatar laftof a rufe yake. Ba na son Yaya ta ga kan 'Yar Aji yadda yake yanzu.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Ina shanya zanen gadonta ta kira ni ta taga. "Auta." Shekarata talatin da takwas, ina da digiri biyu, amma a wurinta har gobe Auta ce. Ita ta riƙe ni tun ina aji uku da Inna ta rasu, da kitso ta kai ni har jami'a. Shekara ashirin da shida tana shagon kitsonta. Ga makullinsa can a rataye a ƙusar ɗakin baƙinmu, inda take kwana tun da aka fara yi mata ƙarin ruwan maganin ciwon daji a asibiti.

Ta ce, "Uku sun isa. Alhamis ɗin da suka rubuta ba za ni ba."

Na ce, "Yaya, shida suka ce."

"Su suka ce. Jikin nawa ne ko nasu?"

Na shiga kawo mata bayani irin na aji, har da lissafawa da yatsa. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "Malama, an tashi. Kowa ya tafi gida." Ta ja labule.

Saura kwana goma sha takwas.

Litinin, shida da rabi na safe

Rabin kofi. Na share ɗakinta tana wanka, na ƙulle abin da na share a leda don kada ta gan shi a kwandon shara.

Laraba, ƙarfe biyu na rana, ofishin malamai

Bari in yi abin da na sayi littafin dominsa. Kayan da zan zuba wa yara a filas ranar Asabar.

Fakitin fatar nan mai ƙofofin gumi da 'yan tabo. Wadda ta zo da manhajar sumul take kamar roba, kuma ɗan Adam ba haka yake ba. Sai jerin fitilun da wani bawan Allah ya tsara musamman don baƙar fata ya sake shi kyauta: babba ɗaya a gefe, ƙarama ɗaya a baya, sai ka ga kumatu da haɓa sun fito, maimakon ido da haƙori kawai a cikin duhu. Allah ya saka masa da alheri, duk inda yake. Sai ƙari guda biyu, wato ƙananan manhajojin nan da ake liƙa wa babbar su koya mata sabon aiki. Ɗaya yana sa yadi ya kwanta a jiki da nauyinsa. Ɗayan yana rage wa aiki nauyi, ko tsofaffin kwamfutocinmu sa daina suma a tsakiyar dahuwa.

Fakitin tsayuwa ba zan ba su ba tukuna. In na ba su, ba za su ƙara lura da yadda mutum ke tsayawa in yana jiran mota ba, alhali can ne makarantar.

Na bar babban a ƙarshe: na samo ƙari na kitso! Ka ja layi a kan kai da linzamin kwamfuta, shi kuma ya shimfiɗa kitso a kan layin. Da na gwada sai da na yi ƙara ni kaɗai, malamin lissafi ya ɗago ya ce ko an ba da hutu ne bai ji ba.

Minti goma na yi ban tuna da Alhamis ba. Daga baya na ji kunya.

Asabar, shida saura kwata na yamma

Ƙarin nan ya rikita min yara. Cikin minti ashirin 'Yar Aji ta samu layi goma sha huɗu. Har 'Yar Shiru, wadda zango guda ban ji muryarta sau biyar ba, sai da ta ce, "Kai!"

Murna ta sa na manta. Ina kan teburin cin abinci ina gyara fitila, ban ji fitowar Yaya ba, sai inuwarta na gani a allon. Ta daɗe a tsaye, dafe da bayan kujera.

"Wa ya yi wa 'yar mutane wannan?"

Na ce kwamfuta ce. Da alfahari fa na faɗa.

"Juyo min ita." Na juya. "Ƙeya." Na juya. Ta ja tsaki mai tsawo, irin wanda rabona da ji tun kafin a fara.

"Wannan ba kitso ba ne, Auta, tufka ce. Igiya aka tufka aka ɗora mata a ka. Ina tsaga? Ina inda aka ɗebo gashin? Kitso daga fata yake tashi, yana tafe yana ci. Ya fara siriri a goshi, ya yi ciki a tsakiya, ya rame a jela. Wannan kuwa kaurinsa ɗaya daga sama har ƙasa kamar tiyon ban ruwa. In yarinyar nan ta yi atishawa, a ƙasa za ku tsince shi."

Maigidana daga falo ya ce, "Yaya, a yi wa injin uzuri, bai yi zaman koyon sana'a ba."

"Kai ka yi shiru, mai sanƙo. Ba da ku ake ba."

Ita ce ta fara dariya, ta dafa ɗankwalinta, ta ce, "To, mu yi shiru mu biyu."

Ta ja kujerar ta zauna. Minti arba'in ta yi. Ta cinye ayaba guda ba ta ma sani ba.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Na tura mata linzami ta ja layin da kanta. Ta ɗora hannu, ta ɗauke, ta ce ba ta jin sa, kan yatsunta kamar an sa musu safa. Maɓallin rigarta na sama a buɗe yake. Na saka mata, na ce zai wuce, na ci gaba da surutuna.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Mun samu tsari: ita baki, ni hannu. Mun share tufkar gaba ɗaya mun fara daga farko. Ashe ƙarin yana da ma'aunai a ɓoye, na kauri da na matsi, ban taɓa buɗe su ba. Ita ta sa na tono su, da "ƙara", "rage", "ba haka ba, ke wai da ido kike kallo?" Ta sa na buɗe tsaga har fata ta fito. Ta sa na bar 'yan ƙananan gashin goshi a sake, ta ce duk mai kitson da ta kama su muguwa ce.

Layi ɗaya ya ci mana awa guda. Na ce bari in nuna mata dabara: akwai madubi a manhajar, in ka yi gefen dama sai ya kwafe maka hagu. Na danna.

Ta matso, ta ƙanƙance ido. "Mutum biyu suka yi kan nan."

"Yaya, kwafi ne. Iri ɗaya ne sak."

"Dubi bakin jelar. Ta nan an murɗa shi dama, ta can an murɗa shi hagu. Bahaguwa kuka ɗauko ta ƙarasa muku? Hannu ɗaya, murɗi ɗaya. Kuma wa ya gaya miki gefen kan mutum biyu daidai suke? Shekara ashirin da shida ban ga ko ɗaya ba. Goge."

Na goge. Ni da na shekara uku ina koya wa yara madubin nan!

Ta ce sha huɗun nan ɗaya bayan ɗaya za a yi su, kamar na mutane. Mun yi uku.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Saura mako ɗaya. Ban ta da maganar ba, ita ma haka. Kofi ɗaya saura kaɗan.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana, ofis

Wata dabara ta zo min, har na kasa cin abinci. Akwai ƙarin da ake ba shi hoton mutum ya gina fuskarsa. Ina da hoton Yaya na shekara huɗu da suka wuce, a ƙofar shago, kumatu cike, kanta ya sha kitso. Zan gina ta yadda take a nan. In sa mata fata mai kyau, in kunna mata fitilun bawan Allahn nan, in yi mata kitso da abin da ta koya min. In ta ga kanta, za ta tuna abin da za ta koma ta zama. Na tabbata.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na nuna wa yara layi biyar ɗin da muka yi a gida, kusa da na makon jiya. Babu wanda ya nemi bayani. Uwar Tambaya ta ce, "Malama, wannan ba aikinki ba ne." Na ce na gode da shaida, na yayata ne. "To ta zo mana." Na ce ba ta jin daɗi. Ta buɗe baki, 'Yar Shiru ta taka mata ƙafa.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Dahuwar ta ɗauki awa uku. Ya yi kyau. Zan rubuta wannan don gaskiya ce, ya yi kyau.

Mun gama layi na bakwai na 'Yar Aji, rabin kai ke nan cif, tana cikin nishaɗi. Na ce ta rufe ido. Ta ce ita ba yarinya ba ce, amma ta rufe. Na buɗe hoton.

Ta kalla har na fara jin ƙarar firiji.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce mana, Yaya."

"Har kin yi min wanda za a rataye a falo? Ki bari raina ya fita tukuna."

Na ce wallahi ba haka ba ne, ina so ne ta ga zai dawo, duk zai dawo.

"Gashi kike gani, Auta. Kullum da safe kina bina da tsintsiya kina ƙullewa a leda, kin ɗauka ban sani ba. Gashi nawa na share a rayuwata? Shi fitowa yake yi. Wannan fa?" Ta ɗaga hannuwanta biyu a gabana. "Kin taɓa tambaya ko wannan yana dawowa? Ni na tambaya. Aka ce wataƙila. Kowane zuwa sai ya ƙara ci. In na ƙarasa shidan na tashi ba hannu, wa kuka ceto?"

Ta sake kallon allon. Daga kafaɗa na yanke hoton.

"Ita ma ba ki sa mata hannu ba."

Ta miƙe da kanta, ta ƙi in riƙe ta.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Ƙofa a rufe. Kofin ya dawo a cike.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Haka.

Alhamis, sha ɗaya na safe

Na shirya tun shida. Maigida ya ta da mota ya bar ta tana ɗumi. Ƙarfe tara ya fita ya kashe ta, ya dawo ya zauna bai cire takalmi ba.

Wata nas mai tabarau ta kira daga asibiti. Ta ce za a iya ɗaga mana zuwa Alhamis mai zuwa, amma ba a son ya wuce haka. Na tambaye ta maganar hannu. Yau na fara tambaya, ni mai digiri biyu. Ta ce, "Har ya kai ba ta iya maɓalli? Haba, baiwar Allah, ai wannan ba a zama da shi. Ta zo ta gaya wa likita yadda ya kai, akwai abin da yakan sauya. Alkawari dai ba na yi miki."

Na tsaya a bakin ƙofa na maimaita mata kalma bayan kalma, har da ta ƙarshen. Na ji gadon ya motsa. Shi ke nan.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na yi abin da ban taɓa yi ba. Saura mako ɗaya baje koli, 'Yar Aji gefe guda kitso, gefe guda fata. Uwar Tambaya ta ce, "Malama, me zai hana mu danna madubi mu huta?" Na daka mata tsawa, na ce in hutu take so ga ƙofa nan.

Na fita baranda na wanke fuska. Da na dawo na tsaya a gaban teburinta na ce ta yafe min, laifin ba nata ba ne. Sannan na nuna musu maganar jela, dama da hagu. Suka taru a kan allon suna "La! Wallahi kuwa!" Wani ya ce yau zai duba kan ƙanwarsa.

Da ana tashi Uwar Tambaya ta tsaya tana naɗe wayar linzami da ba ta buƙatar naɗi. Ta ce, "Malama, ba tambaya zan yi ba. Ki gaida ta kawai."

Na sa musu ƙarin zama ranar Laraba bayan an tashi.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Maigida ya same ni a kicin ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Ya ce, "Ke matsalarki, kowa ɗalibinki ne. Ita ta raine ki fa. Ki bar ta ta zama babba."

Na buɗe hoton. Na cire kitson. Na cire fatar nan mai sheƙi, na sa mai tabo, na rage kumatun. Na ja kyamara baya har hannuwa suka shigo. Na yini a kansu: kantar da ke gefen babban yatsanta, ɗan karkacen manuninta na dama. Ban dafa ba, ban nuna wa kowa ba. Na ajiye.

Na je bakin ƙofa na ce, "Yaya, na yi wauta."

Can ta ce, "Na sani."

Kwana shida ke nan, ita ce kalma ta farko. Na zauna a ƙasa a wurin.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na yi layi na takwas da na tara ni kaɗai, iya ƙoƙarina. Ba zan yi wa littafina ƙarya ba: da gangan na bar laftof a buɗe a kan tebur, yana kallon hanyar banɗaki.

Talata, bakwai saura na safe

Na fito na same ta a zaune a gabansa, da zane a kafaɗa.

"Wa ya yi na takwas da na tara?"

"Ni ce."

"Ya nuna. Tsagar nan kamar hanyar mai maye. Ashe duk zaman da muka yi da kunne ɗaya kike ji." Ta juyo ta dube ni. "Yaran naki yaushe suke zama?"

Na ce gobe, ƙarfe biyu.

"Ki ce wa mai sanƙo ya zo da mota. Kafin ku kashe 'yar mutane."

Rabin kofi, da burodi yanka ɗaya. Maganar Alhamis ba ta yi ba.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Rabonta da fita in ba asibiti ba wata biyu ke nan. Matakala goma sha biyu ce zuwa ɗakin kwamfuta, mun huta sau biyu. Na gargaɗi yara kada su zuba mata ido, sai suka wuce gona da iri, kowa ya kafe allonsa kamar ana jarrabawa.

Ta zauna a kujerata ta ce, "Ba a gaisuwa a makarantar nan?"

Suka haɗa baki, "Sannu da zuwa, Anti!"

Uwar Tambaya ta ɗaga hannu. "Anti, ke ce kika ce madubinmu bahago ne?"

"Ke ce mai bakin nan da ake ba ni labari? Zo nan. Baki yana aiki, mu ga hannu." Ta dubi ɗakin. "Wa za ta ba mu aron kai? Ba a koyon kitso a gilashi."

'Yar Shiru ce ta tashi. Ta zame ɗankwali, ta tsefe layi biyu na gefen kanta, ta zauna a ƙasa a gaban kujerar. Yaya ta zaro mataji daga jaka. Ban san ta ɗauko shi ba. Ta miƙa wa Uwar Tambaya, ta riƙe ta a wuyan hannu, tana tuƙa ta.

"Tsaga. Miƙe, ba rubutu kike yi ba. Raba uku. Ɗebo. Kaɗan! Ba shara kike kwasa ba. Ke mai kan, in ta ja ki da zafi ki mintsine ta, na ba ki izini."

Yara suka bar kwamfutoci suka kewaye su. Sai ka ga ɗaya ya ruga ya taɓa ma'aunin kauri, ya dawo ya leƙa, ya sake rugawa. Suka goge na takwas da na tara nawa ba tare da sun nemi izinina ba. Ni malamar ina gefe riƙe da jakar Yaya.

Ana tsakiyar layi na biyu Uwar Tambaya ta ce, ba ta ɗago ba, "Anti, hannun zai warke?"

Na ji kamar in nutse.

Yaya ta ce, "Ban sani ba, 'yata. Ɗebo."

Ta ɗebo.

Ƙarfe huɗu na ga leɓenta ya bushe, na ce a tashi. 'Yar Aji tana da sha ɗaya. 'Yar Shiru ta shafa gefen kanta, ta ce a fili kowa ya ji, "Bai yi zafi ba." Uwar Tambaya ta raka mu har mota tana cewa, "Saura uku, Anti, kuma baje kolin Asabar ne fa." Yaya ta shige mota. Ta yi barci a hanya, matajin a hannunta.

Gobe Alhamis. Ba zan shirya ba. Ba zan ce a ta da mota ba. Na yi wa kaina alkawari.

Alhamis, shida da rabi na safe

Tana falo, da jakarta a cinya. Maɓallin sama a buɗe. Na kalle shi, ta ce, "To saka mana, kin tsaya kallo."

Na saka. Ban tambayi komai ba.

"Ki ɗauko abin nan naki. Awa huɗu za mu yi a zaune ba aikin fari. Ni ban taɓa sallamar kowa da kai a buɗe ba, ba zan fara a kan 'yar kwamfuta ba."

Maigida yana neman makullin mota, yana hannunsa.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Ita ta yi wa likita magana da kanta, ni ko uffan. Ta ɗora masa hannuwan a kan tebur ta ce da su take ci, ya san yadda zai yi. Ya daɗe yana rubutu. Ya sauya wani abu. Shi ma bai yi alkawari ba.

A ɗakin ƙarin ruwan na ɗora laftof a cinyata, ita hannu ɗaya a miƙe, ɗayan yana nuni. Sha biyu. Sha uku. Nas mai tabarau ta zo duba ledar ruwan ta tsaya a bayanmu, ta ce, "Wannan a wane shago ake yin sa?" Yaya ta ce, "A rufe yake. Ki riƙa dai tambaya."

Na sha huɗun da ido rabi a rufe ta ƙarasa shi. Ta sa na juya 'Yar Aji gaba, baya, ƙeya. Ba ta yi tsaki ba. Ta ce, "A dafa."

Na ɗauka ta yi barci, ina naɗe waya, sai ta ce, "Wancan hoton nawa. Kin goge?"

Na ce a'a. Na cire gashin, na sa hannuwa.

"Nuna min."

Na nuna mata. Ta daɗe a kan hannuwan. Ta kai yatsa ta taɓa allon, daidai wurin kantar.

"Ki bar kan haka," ta ce. "In nawa ya fito, ni zan faɗi yadda za a kitsa shi. Kada ki kuskura ki taɓa min kai da wannan hannun naki."